Ruf da Ciki

Iskar fanka ce ta tona asirin. Allura ta ji ta a kan hancinta, a kan leɓenta, a kan audugar da aka rufe mata idon dama da ita, alhali a ƙeya ya kamata ta ji ta. Ta kai hannu ta laluba: matashin kai har biyu a ƙarƙashin wuyanta, bargo an ja mata har haɓa, an soke gefensa tsaf. A rigingine take. Wani mai ƙaunarta ya shigo tana barci ya juya ta, kamar yadda ake yi wa jariri.

Ta yi jifa da bargon, ta mirgina ta koma ruf da ciki, ta kifa goshinta a kan tawul ɗin da aka naɗe mata kamar gammo. Sai da numfashinta ya dawo sannan ta ƙwala wa yayarta kira.

Yaya ta shigo tana jan silifas, da kofin shayi a hannu, ko a jikinta. Ba ta ma ɓata bakinta wajen musu ba. Wai ta leƙo da asuba ta tarar da ita a kife kamar kwanon da aka wanke, hanci cikin katifa, numfashi na fita da ƙyar, ita kuwa ba za ta naɗe hannu tana kallo ƙanwarta ta shaƙe ba don kawai wata yarinyar likita, wadda a haife ta haife ta, ta ce a yi haka. Ai ɗan hutu ne ta ba ta.

"Tun yaushe nake a haka?" in ji Allura, muryarta na fitowa ta cikin tawul.

"Oho. Ni ban duba agogo ba."

Jiya-jiyan nan aka yi mata aiki a idon. Can bayan ƙwayar ido akwai wata siririyar shimfiɗa mai karɓar haske, ita ce ta yage ta saki bango, kamar yadda shafin riga yake rabuwa da rigar. Likita ta mayar da ita, ta liƙe yagar, ta cika idon da kumfar iska don ta danne wurin har ya kama. Ita kuwa iska sama take hawa, ko a cikin ido ne. In ana so ta danne bayan idon, dole fuska ta kalli ƙasa, a zaune ko a kwance, dare da rana, har kwanakin da likita ta yanka su cika. Wanda ya kwanta a rigingine ya sallami kumfar, sai ta taso gaba ta bar yagar a buɗe. An faɗa wa Yaya wannan a asibiti, an maimaita mata, tana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ga shi kuma idon nan shi kaɗai ya rage. Na hagu ya tafi shekarun baya, ta wannan hanyar. A lokacin ta fara ganin walƙiya ba hadari, da wasu baƙaƙen ƙudaje masu yawo waɗanda ba sa koruwa, sannan wani labule ya fara zarowa daga gefe. Kayan makarantar yara sun taru mata a shago, ta ce in ta sallami mutane za ta je. Da ta je aka yi aiki, aka sake, shimfiɗar ta ƙi kwanciya. Yanzu iyakar gwanintar na hagun ya bambance rana da dare.

Gyaran tufafi ne sana'arta tun tana budurwa: faci, cike yaga, rage ƙugu, sauya zik, juya wuyan rigar da ya cinye. Kasuwa ce ta laƙaba mata Allura, rabi don aikin, rabi don bakin. 'Yar firit ce, amma in ta shiga mutum sai ya san an shige shi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata suna gidajensu a nesa, ita kaɗai take zaune a ɗakinta. Shi ya sa da aka sallamo ta daga asibiti Yaya da Auta, ɗan Allura na ƙarshe, suka yanke shawara ba tare da ita ba, suka wuce da ita gidan Yaya.

Kafin hantsi ya dubi ludayi gidan ya cika da 'yan dubiya. Allura na zaune a falo, gwiwar hannu a kan cinya, fuska na kallon siminti, tana gane mutane ta muryoyinsu da ƙarar takalmansu. Kowa ya shigo sai ya ce a gani, mu ga idon, sai hannu ya nufo haɓarta. Ta doke hannun maƙwabciya, ta doke na wata 'yar ƙawar Yaya, ta kauce wa na wata da ba ta ma gane ko wace ce ba. Wannan ta kawo magani a kwalba, waccan ta ce mijin ƙanwarta ma an yi masa irin aikin, washegari ya tuƙa mota. Wata kuma ta tura mata filo a baya ta ce ta jingina, wuyanta zai sage. Duk cikinsu babu maƙiyi ko ɗaya, abin da ya fi ba ta haushi ke nan, don maƙiyi ta san yadda ake sallamarsa.

Sai ga Kawu, ƙanen mahaifiyarsu, wanda shi kaɗai ya rage musu a manya. Kunnensa ya daɗe da yin ritaya, da leɓen mutum yake jin magana. Ya zauna a gabanta ya dogara sanda, ya tambaye ta jiki. Ta amsa wa siminti. Ya sake tambaya da ƙarfi, ta sake amsawa da ƙarfi. Tsohon ya ce shi bai san laifin da ya yi ba, da zai taso da ciwon gwiwa ya zo gaishe da 'yar 'yar'uwarsa ta juya masa ƙoƙon kai. Yaya ta sunkuyo ta ce mata don Allah ta dubi girman tsohon nan, ɗagowa ɗaya ba za ta kashe ta ba.

Allura ta ɗago. Ta gaishe shi baki buɗe, a hankali, yadda zai karanta. Ya ji daɗi, ya riƙe ta da labarin nasa ciwon idon, da na likitan da ya duba shi tun yana aiki a tashar jirgin ƙasa, ita kuwa tana jin wani abu mai nauyi yana lilo a cikin ƙwayar idonta. Da ta samu ta mayar da kanta ƙasa, kunya da takaici suka rufe ta. Ta yi wa Yaya masifa da safe, ga shi ita ma da hannunta ta yi wa kanta abin.

Auta ne ya cece ta, da ya zo ɗaukarta zuwa asibiti don a duba aikin. A ofis yake aiki, mutum ne mai son tsari, tun jiya ya kulle shagonta ya damƙa wa Yaya makullin. A hanya ya riƙe ta kamar ƙwai, yana ta faɗa mata inda za ta sa ƙafa har a inda babu komai.

Likitar ta ɓare filastar a hankali, ta goge mata gira, ta sa ta ɗora haɓa a kan na'ura na ɗan lokaci. Haske ya shiga idon kamar an watsa ruwan zafi. Allura ba ta ga fuskar likita ba, ba ta ga ɗakin ba, komai na iyo kamar ta buɗe ido a ƙarƙashin ruwa. Likitar ta ce haka ake gani in da kumfa, kada ta tsorata. Sannan ta tambaya ko an kiyaye kwanciyar.

Auta ya buɗe baki zai gyara zance, Allura ta riga shi. Ta faɗi na asuba, ta faɗi na Kawu, ba ta rage ba.

Likitar ta ce Allah ya rufa asiri, shimfiɗar na nan a kwance, amma gefen yagar bai kama ba tukuna, akwai ɗan ruwa da ya laɓe a ƙarƙashinsa. Ta ce kumfar za ta iya kore shi in aka bar ta ta yi aikinta. In kuwa ya sake ɓallewa, ba ta yi alkawarin komai ba.

Allura ta mayar da kanta ƙasa. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mata rai, yau ta yi ta. Ta ce ita fa ba ta taɓa ganewa ba: na hagun nan an mayar da shi, an sake mayarwa, wane ne yake cire shi?

Likitar ta jawo kujera kusa. Ta ce a cikin shimfiɗar akwai ƙwayoyi masu gani, akwai kuma waɗanda ba sa ganin komai, su aikinsu hidima. Su ke tallafe masu ganin, su ciyar da su, su kwashe musu shara. Ran da shimfiɗar ta saki bango, su ne na farkon tashi, kuma da farko alheri suke yi, ba don su ba da masu ganin da yawa sun mutu kafin a kai ga asibiti. Amma in abin ya daɗe, ko ya yi ta maimaituwa, sai su kumbura, su hayayyafa, su miƙa hannuwa har inda ba a aike su ba, su saƙa tabo sama da ƙasa. Tabon in ya nuna sai ya ja, ya tattare shimfiɗar, ko an shimfiɗa ta da hannu ba ta sake kwanciya. Abin da ya cinye na hagun ke nan.

Allura ta san wannan. Sau nawa aka kawo mata rigar da mai ita ya yi wa faci a gida, ya yi ta zuba ɗinki yana jan zare don tsoron kada ya warware, har yadin ya takure ya sake yagewa a gefen facin?

"To babu mai ce musu ya isa haka?"

"Har yanzu ba mu samu wanda suke jin maganarsa ba, Mama. Abin da muke iyawa shi ne kada mu ba su dalilin tashi."

"Ikon Allah," in ji Allura. "Ashe har a cikin ido ina da dangi."

Likitar ta yi dariya har da buga tebur. Auta bai yi ba. Shi abin da ya fahimta daban ne: ya ce lallai a ƙara tsaro, zai ɗauko matarsa ta tare a gidan Inna, haka yake kiran Yaya, a riƙa yin karɓa-karɓa ana gadin Mama. Shagon kuwa ya ga alama lokacinsa ya wuce, akwai wanda ya daɗe yana son keken ɗinkin. Allura ta bar shi ya gama. Sannan ta tambayi likita ko dole sai a gado, ko mutum zai iya zama a tebur. Likitar ta ce gado, tebur, tabarma, duk ɗaya ne a wurinta, muddin hanci na kallon ƙasa, a ɗan miƙe a ci abinci, a ɗiga magani, a koma. Ɗinki dai ban da shi.

A cikin bas ta zauna kusa da ƙofa, goshinta a kan hannunta, hannun a kan kujerar gaba. Wata mata da ke gefenta ta daɗe tana kallonta, can ta dafa ta ta ce ta yi haƙuri, Allah ya ji ƙan wanda ya rasu.

"Bai mutu ba tukuna," in ji Allura. "Ana dai ta ƙoƙari."

Ba ta buƙatar ido a wannan hanyar. Ta san ramin da ke gaban gidan mai, ta san kwanar da direbobi ke zagin juna, ta san inda warin taya ke ƙarewa ƙarar masu walda ta fara. Daga masu walda sai bakin kasuwa. Ta buga jikin motar da tafin hannu ta ce akwai sauka. Auta ya ce wa kwandasta a'a, ba nan ba ne, su sai gaba. Kafin ya rufe baki ta laluba ƙarfen ƙofa ta sa ƙafa a ƙasa, dole ya biyo ta yana ba direba haƙuri.

Ya ce Mama ina za ki, ta ce inda ba a sona. Ya kama hannunta don ya juya da ita, sai ya tsinci kansa ita ke jan sa. Ƙasan kasuwar nan ta fi sanin sa a kan saman, don duk rayuwarta da kai a ƙasa take ratsa shi, tana lissafin aikin da ke jiranta. Ga kwalbatin da murfinsa ya fashe, ga dakalin masu kwanuka, ga inda famfo ke zuba ƙasa ba ta bushewa. Tana ganin inuwar ƙafafunta dishi-dishi, sauran kuma ƙafafun ne suka haddace. Auta na gefe yana magiya, yana cewa me mutane za su ce, makulli ma ai yana gida.

Shagonta na manne da na Mai Agogo, katako ɗaya ya raba su. Tsoho ne marar yawan magana, kullum da gilashin ƙara girma a maƙale a ido ɗaya. Shekara da shekaru suna gaisawa kowa kansa a kan aikinsa, har ana tsokanarsu cewa in suka haɗu a titi ba za su gane juna ba. Ta tsaya a gaban tebirinsa ta yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba.

"Yau kin makara."

"Na makara. Makullin nan da na ba ka ajiya yana nan?"

Ya jawo aljihun tebur, ya tura mata shi da yatsa ɗaya, ya ci gaba da tsintar ƙusar da yake nema. Bai ce mu ga idon ba. Allura ta ji kamar ta rungume shi.

Shagon ɗan tsukuku ne, yana warin man keke da sabon yadi. Ta zauna a kujerarta, wadda ita da kanta ta sa kafinta ya rage wa ƙafafu har ta yi daidai da teburin. Hannuwanta suka faɗa inda suka saba, inda katako ya yi santsi ya ɗan lotsa. Ta laluba buhun ƙyallaye, ta naɗe wasu ta yi musu rami a tsakiya, ta kifa goshi. Wuyanta ya sauka kamar ya dawo gida. Wannan wuyan ne Yaya ta yi shekaru tana yi wa gori, tana cewa ki riƙa ɗago kai, za ki yi doro. Doron ya fito kuwa, ɗan ƙarami, yau ga ranarsa. A gidan Yaya ɗan sunkuyon da ta yi har kafaɗunta sun fara ciwo, a nan kuwa za ta iya kaiwa magariba a haka ba ta sani ba.

Ta faɗa wa Auta sharaɗinta tana kallon katako. A nan za ta yini. In kasuwa ta tashi za ta share dogon teburin yankan yadi ta kwanta a kai, ta sa sakata ta ciki. Abinci da magani ya kawo in ya ga dama. Keken ɗinki kuma duk wanda ya taɓa shi, ko makauniya ta zama sai ta nemo shi. Auta ya yi ta zagaye a bakin ƙofa, daga ƙarshe ya fita da waya a kunne.

Masu wucewa suna gaishe ta, tana amsawa. Ba wanda ya ga wani abin mamaki, haka suka saba ganinta. Wani ya ajiye wando ya ce zik, ta ce ya dawo wani watan, ya ce ba komai. Ta saurari ƙyas-ƙyas ɗin agogunan maƙwabcinta ta bayan katako, tsoron da ya riƙe mata ƙirji tun asuba ya fara sassautawa.

La'asar sakaliya ta ji jan silifas ɗin da ko a kabari za ta gane. Yaya ta shigo ta dire kular abinci a kan keke, ba sallama. Ta ce ta zo da Kawu, yana bakin titi Auta na tallafo shi, in ita ba ta isa ba ai shi ya isa. Sannan ta sauke abin da ta ƙunso. Ita za a guje wa kamar mayya? Ita da ta goya ta, ta yi mata wanka, ta bar makaranta don ta riƙe ta? Yanzu a ce marar lafiya ta gudu daga gidanta ta kwana a kasuwa cikin ɓeraye, da wane ido za ta dubi mutane?

Allura ta bar ta sai da ta gaji don kanta.

"Yaya, ido ɗaya ya rage mini. In kika sake juya ni, ke za ki riƙa jana da sanda har ɗayarmu ta mutu. Kuma na san za ki yi. Ba za ki taɓa gajiya ba, ba za ki taɓa yi mini gori ba. Wallahi shi nake tsoro."

Ta ji Yaya ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta ji numfashinta ya sauya. Allura ta san abin da ke ƙarƙashin wannan duka, ba yau ta sani ba. Yaya ce ta dawo daga makaranta wata rana ta tarar da Iya, mahaifiyarsu, a kife a ƙasan kicin, ita kaɗai ta juya ta, ta makara, rai ya yi halinsa. Allura na goye a lokacin, ba ta tuna komai. Tun daga ranar ko kwano Yaya ta gani a kife sai ta juya shi, jikokinta kuwa ba wanda ya taɓa yin barci ruf da ciki a gabanta.

"Na san abin da kike gani in kin shigo kin same ni a haka," in ji Allura, muryarta ta sauka. "Ni ba Iya ba ce. Kawo hannunki."

Ta laluba ta kamo shi, ta jawo shi ta ƙarƙashin fuskarta, tsakanin hancinta da katako, don Yaya ta ji ɗumin numfashin. Hannun ya zo dab da idon dama, kusan ya taɓa gashin ido. Sai Allura ta ƙame.

Tana ganinsa. Ba dishi-dishi ba, ba ta cikin ruwa ba, tar, har ya fi yadda ta saba gani. Kumfar da ta hana ta ganin ƙofa ta mayar mata da abin da ke dab da ido kamar gilashin Mai Agogo. Ga zanen tafin, ga tsohon tabon ƙuna a gindin babban yatsa, ga faso a gefen farce. Ta ɗan matsa hannun, bakin hannun riga ya shigo, ta ga saƙar yadin zare bayan zare. Idon na nan da ransa. Hawaye ya taru mata ta rasa ko an yarda ta yi kuka da shi, sai ta haɗiye.

"Wa ya yi miki facin nan na hannun riga?"

Yaya ta ja majina. "Wane faci?"

"Wannan mai baƙin zare a kan shuɗi. Ɗinki a kan ɗinki, an ja shi har yadin ya takure. Ga shi nan ya fara yagewa a gefe."

"Ni na yi abina," in ji Yaya da zafi. Can ta ce, a hankali, "Kina gani?"

"Ina gani. In an bar ni."

Ƙwas-ƙwas ɗin sanda ya iso bakin ƙofa, da hakin Kawu, da muryar Auta yana cewa a hankali, akwai dakali. Tsohon ya tsaya a kanta ya cika shagon da faɗa irin na wanda ba ya jin kansa. Ya ce ta tashi ta bi yayarta gida, ba a yi wa na gaba haka. Allura ta ce Kawu ka yi haƙuri, likita ce ta ce. Ya ce me ta ce? Ya ce ta ɗago ta dube shi in tana magana, shi ba ya jin ƙeya. Ta ji inuwar hannunsa na saukowa wajen haɓarta. Wannan hannun ba irin wanda ake dokewa ba ne, kuma wuyanta, munafuki, har ya fara amsawa da kansa.

Wani hannun ya riga shi. Ya sauka a ƙeyarta, mai faɗi, mai kaushi, ya mayar da goshinta kan ƙyallayen.

"Kawu, ni ka duba," in ji Yaya. Ta ja kalmomin ɗaya-ɗaya, baki buɗe, yadda zai karanta. "Ba za ta ɗago ba. Ba yau ba, ba gobe ba. Duk abin da ta ce, ni zan faɗa maka."

Tsohon ya yi gunaguni, ya tambaya ko duk sun haukace ne. Yaya ta ce eh. Ta sa Auta ya nemo masa kujera a wurin Mai Agogo, in ya gama kuma ya koma gida ya ɗauko katifa ƙarama da maganin ɗigawa, da tabarmarta ita ma, don ba za ta bar 'yar mutane ta kwana da ɓeraye ita kaɗai ba.

Allura ta buɗe baki za ta ce ba a yi haka da ita ba, sai ta fasa. Daga inda muryar ke fitowa ta gane Yaya ta juya fuskarta wajen ƙofa, har yanzu ba ta iya kallon bayan da ke kife a gabanta. Hannun da ke ƙeyarta bai ɗaga ba. Sai ma ƙara nauyi da yake yi, har hancinta ya fara taɓa katako.

"Yaya, kin danne da yawa."

"Yi mini shiru," in ji Yaya. Amma ta ɗan sassauta.